Katoɓarar Buhari da ta Tinubu: jaridu na da 'yan mowa da 'yan bora ne?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, don Allah kada a mayar da ita zage-zage. Duk mun ga yadda aka yi wa marigayi Buhari, Allah ya jiƙansa, a shekara takwas ɗin da ya yi yana mulki. Da zarar bakinsa ya suɓuce, kafin la'asar jaridun Legas sun ɗora shi a kan gaba. A Yunin 2015, bayan taron G7, ya ce Jamus ta Yamma, alhali tun 1990 aka haɗe Jamus, aka kwana biyu ana yi da shi. A Warri, farkon 2019, ya miƙa wa Great Ogboru tuta ya kira shi ɗan takarar shugaban ƙasa, aka gyara masa ya ce na sanata, mutumin kuwa gwamna yake nema. Har gobe ana yawo da bidiyon.

To ga Tinubu. A nan Kano a Maris ɗin 2021 ya ce a ɗauki matasa miliyan 50 aikin soja, sai daga baya hadiminsa ya fito ya ce dubu 50 ake nufi. A Jos ranar 15 ga Nuwamba 2022, wajen ƙaddamar da kamfe, ya tashi sa wa jam'iyyarsa albarka ya fara kiran PDP kafin ya juya. A Owerri harshensa ya sarƙe ya furta wasu kalmomi marasa ma'ana, "bala blu" ɗin da kowa ya sani. Ina manyan sharhunan da suka ce bai cancanta ba? Ko dai a wurin jaridun nan akwai 'yan mowa akwai 'yan bora?

Bakano a Agege:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, da alama ba ka Legas a lokacin. Ni ina nan. Wallahi "bala blu" ɗin nan har yaran da ke talla a kan titi sun haddace shi, 'yan acaɓa suna tsokanar juna da shi. Magoya bayan Peter Obi sun yi wata da watanni ba su da aiki sai yanka bidiyoyinsa suna watsawa. Hannunsa ya yi rawa an ɗauka, ya yi tuntuɓe an ɗauka. Ranar 12 ga Yunin 2024 da ya zame wajen hawa motar fareti a dandalin Eagle Square, kafin ya koma gida bidiyon ya gama duniya. In ka ce ba a yi da shi ba, ba ka yi adalci ba.

Ɗan Fagge:
Yaya, ai ka kawo mini 'yan soshiyal midiya ne. Ni jaridu nake magana. Punch a Disambar 2019 ta sanar cewa ba za ta ƙara kiran Buhari shugaban ƙasa ba, Manjo Janar za ta riƙa ce masa. An taɓa yi wa Tinubu haka?

Tsohon Ɗan Jarida, Kaduna:
Bari in sa baki, tunda wannan sana'ar na tsufa a cikinta.

Ɗan Fagge, abin da Punch ta yi a 2019 ba shi da alaƙa da suɓutar baki. A kan tsare mutane ne bayan kotu ta ba da beli ko ta ce a sake su, irin su Sambo Dasuki da Sheikh Zakzaky da Omoyele Sowore, wanda jami'an tsaro suka sake kamawa bayan hatsaniya a cikin kotu a farkon watan. Za ka iya cewa jaridar ta wuce gona da iri, amma kada ka haɗa shi da Jamus ta Yamma.

Sannan tsamar da ke tsakanin Buhari da jaridun kudu ta girmi da yawanku. A 1984, yana mulkin soja, ya kafa Doka ta 4 mai takura wa 'yan jarida, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. Editocin da suka riƙe jaridu a 2015 da yawansu matasa ne a lokacin da aka yi wannan, kuma ba su manta ba.

Inda nake tare da kai shi ne batun mallaka. Jaridar The Nation da tashar TVC kowa ya san jingine suke da Tinubu. Ba za ka buɗe The Nation ka ga an yi shafi guda a kan "bala blu" ba. Amma ka juya ɓangaren. AIT ta marigayi Raymond Dokpesi, ɗan PDP ne, ita ce a 2015 ta yi ta haska shirin ɓatanci a kan Buhari, ta kuma yi wani a kan Tinubu, har Tinubu ya kai ta kotu, daga baya aka ba shi haƙuri. A ƙarshen 2022 su Dele Alake da Bayo Onanuga, masu magana da yawun kamfen ɗin Tinubu, faɗa suka yi a fili da Nduka Obaigbena mai ThisDay da Arise, Tinubu ya ƙi zuwa zauren tattaunawar da Arise ta shirya. Duk a Legas suke. To ka ga "jaridun Legas" ba mutum ɗaya ba ne. Kafin ka karanta kanun labari, tambayi kanka wa ke biyan albashi a gidan.

Jar Hula:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ni dai abin da ke ba ni dariya, waɗanda ke kukan an yi wa Buhari rashin adalci su ne suka fi kowa yi wa Jonathan da matarsa dariya. Lokacin da Patience ta fashe da kuka a talabijin a Mayun 2014 a kan 'yan matan Chibok, wa ya fi mu kwaikwayonta? Lokacin da Jonathan ya ce yawancin abin da ake kira cin hanci sata ce kawai, ai har a majalisar mai shayi sai da aka yi wata ana maimaitawa. Kuma jaridun Legas ɗin nan su ne suka ba mu kayan aikin. A lokacin ba mu ce suna da son kai ba, cewa muka yi suna da ƙwazo.

Ɗan Fagge:
Kai dai Jar Hula ko me aka kawo sai ka juya shi kan Buhari.

Jar Hula:
Kai ka kawo sunansa, ni amsawa na yi.

Maman Khalifa:
Ku bar ni in yi magana a kan guda ɗaya, don ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ranar 14 ga Oktoba 2016, a Berlin, Buhari yana tsaye kusa da shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin Angela Merkel, aka tambaye shi a kan hirar da Hajiya Aisha ta yi da BBC Hausa inda ta ce wasu tsiraru sun kame gwamnatin. Ya ce bai san jam'iyyar da matarsa take ba, shi dai ya san ta kicin ɗinsa ce da falonsa da ɗaya ɗakin. Malam Garba Shehu ya yi maza ya ce raha ce. Da gidan DW ya sake tambayarsa, bai janye ba, ya nanata cewa aikinta kula da shi da gida ne.

Wannan ba tuntuɓen harshe ba ne, Ɗan Fagge. Mutum ya faɗi abin da ke ransa ne. Kuma ku lura da abin da ya faru: duniya ta koma kan "ɗaya ɗakin", aka manta da abin da matar ta faɗa. Ita fa cewa ta yi yawancin waɗanda aka naɗa bai san su ba. Shekarun da suka biyo baya kowa ya ga ko ƙarya ta yi. Ni a wurina jaridun ba tsananta masa suka yi ba a ranar, taimakonsa suka yi ba su sani ba, don sun bar maganar mai nauyi sun bi mai ban dariya.

Malam Na Zazzau:
Hajiya, maganarki tana kan hanya. Amma ina da guda biyu da nake ganin lallai an zalunci bawan Allahn nan.

Ta farko, Afrilun 2018 a Landan. Aka ce ya kira matasan Najeriya malalata. Na saurari maganar da kunnena. Cewa ya yi sama da kashi 60 cikin 100 na 'yan ƙasar ba su kai shekara 30 ba, da yawa ba su je makaranta ba, suna ganin tunda ƙasar na da mai sai su zauna a ba su gida da magani da ilimi kyauta. Kalmar malalata ba ta fito daga bakinsa ba, masu rubuta kanu ne suka sa masa.

Ta biyu, Mayun 2012 a Kaduna, da ya ce in aka maimaita abin da aka yi a zaɓen 2011, to 2015 za a yi kare jini biri jini. Duk Bahaushe ya san ana faɗin wannan a kan karawa mai zafi. Aka kai ta Turanci a matsayin za a yi wanka da jini, aka bi shi da ita har zaɓen 2015.

Maman Khalifa:
Allah gafarta Malam, ta farkon ai ko bai furta kalmar ba, wanda ya zauna bai yin komai yana jiran a ba shi, me ake kiransa? Kuma a gaban baƙi ya faɗa, a taron da aka je neman masu zuba jari.

Tsohon Ɗan Jarida, Kaduna:
Malam, ta biyun ma sai mun yi a hankali. Haka ne, fassarar ta yi muni, kuma masu yaɗa ta sun san abin da suke yi. Amma ka tuna shekara ɗaya kacal kafin nan, a Afrilun 2011, rikicin bayan zaɓe ya ci rayuka sama da 800 cikin kwana uku, a ƙididdigar Human Rights Watch. A jihar Kaduna ɗin da ya tsaya ya yi maganar aka fi mutuwa, Zonkwa da Kafanchan da sauransu. Mutumin da miliyoyi ke jin maganarsa, a wannan gari, a wannan lokaci, ba kowane karin magana ne ya kamata ya ɗauko ba, ko da ma'anarsa a wurinmu mai sauƙi ce.

Malam Na Zazzau:
Na yarda da batun lokaci. Ban yarda cewa masu fassarar sun yi don zaman lafiya ba. Su wa suka buga tallar Ayo Fayose, gwamnan Ekiti na lokacin, a Janairun 2015 a shafin farko, da hotunan Murtala da Abacha da 'Yar'aduwa, ana nuna cewa shugabannin da suka fito daga wannan yanki a kan mulki suke mutuwa, aka sa na Buhari da alamar tambaya? Kuɗi aka ba su suka buga. Da wata jaridar Arewa ce ta yi wa ɗan kudu haka, da har yau ana koyar da shi a jami'a a matsayin misalin ƙabilanci.

Tsohon Ɗan Jarida, Kaduna:
Wannan kam ba ni da abin kare su. Abin kunya ne.

Ɗalibi a Amurka:
Salam iyayena da yayyena. Ina ta karantawa, sai na ga kamar a nan nake zaune, don irin wannan gardamar ce aka yi shekara huɗu ana yi a kan Joe Biden. 'Yan Republican suna cewa manyan jaridu da CNN suna rufa masa asiri, 'yan Democrat suna cewa a'a, Trump ne ake ɗaga wa ƙafa. Kowa da hujjarsa. Biden a Fabrairun 2024 ya kira Sisi na Masar shugaban Mexico, a taron manema labaran da ya kira don ya nuna ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. A taron NATO ranar 11 ga Yuli ya gabatar da Zelensky da sunan Putin, a ranar kuma ya kira Kamala Harris da sunan Trump. Shi ma Trump a Janairun shekarar ya yi ta kiran Nikki Haley yana nufin Nancy Pelosi, kuma shi ne a 2017 ya yaba wa wata ƙasa "Nambia" a gaban shugabannin Afirka.

Abin da ya bambanta shi ne ranar 27 ga Yuni 2024, da Biden da Trump suka yi muhawara kai tsaye, ba yanka ba gyara. Washegari New York Times, wadda ake cewa tasu ce, ta rubuta cewa ya kamata Biden ya janye daga takara. Ranar 21 ga Yuli ya janye. Kafin wannan daren kuwa, duk wanda ya ce tsufa ya kama shi sai fadar White House ta ce bidiyon yankakke ne. To an daɗe ana rufawa, wannan gaskiya ne, amma da asiri ya tonu jaridun ɓangarensa ne suka fara juya masa baya.

Jar Hula:
Yauwa ɗan'uwa. Tambayar da zan yi wa Ɗan Fagge ke nan. A 2017 Buhari ya yi sama da kwana 100 a Landan yana jinya a tafiya ɗaya, ba a gaya mana ciwon da ke damunsa ba. Mu nawa ne a Arewa muka ce a faɗa mana? Wanda ya tambaya sai a ce yana masa fatan mutuwa. Mawaƙi Charly Boy da ya je kasuwar Wuse ta Abuja yana zanga-zangar ya dawo ko ya sauka, da ƙyar ya sha. Da ya dawo aka ce ɓeraye sun lalata ofishinsa, daga gida zai riƙa aiki. A 2025 Garba Shehu da kansa ya ce shi ya ƙaga zancen ɓerayen don a kawar da hankalin mutane daga batun lafiyar. Duniya ta yi mako tana dariyar ɓera, abin da ake so ke nan.

Ɗan Fagge:
To ai ka ga jaridun ma an yi wasa da hankalinsu.

Jar Hula:
An yi, kuma mu muka tafa.

Bakano a Agege:
Ni kuma abin da na gani a nan shi ne, yadda muka yi wa Buhari haka Yarabawa da yawa ke yi wa Tinubu. Abokan cinikina a kasuwa, da aka nuna musu bidiyon taron cibiyar Chatham House ta Landan na Disambar 2022, inda aka yi masa tambayoyi ya rarraba wa su El-Rufa'i da Sanwo-Olu da Gbajabiamila su amsa, cewa suka yi wannan shi ne shugaba, ya san amfani da mutanensa. Da ya faɗi a Eagle Square ya fito da daddare ya ce shi ɗan Yarabawa ne, dobale ya yi wa dimokuraɗiyya, wato ya kwanta gaisuwa irin tasu. Suka yi ta murna, wai dattijo ya iya raha. Na ce musu da Buhari ne ya zame fa? Suka yi dariya suka ce da kun ce tawali'u ne ya sa shi sujada.

Maman Khalifa:
Wallahi sun gane mu.

Malam Na Zazzau:
Laifi tudu ne. Amma duk da haka ina nan a kan cewa ma'aunin bai daidaita ba, kuma dalilin ba ƙiyayya kaɗai ba ce, rashin namu ne. Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 aka kafa ta a nan Zariya, New Nigerian 1966 a Kaduna. Ina suke yau? Tribune da Awolowo ya kafa a Ibadan a 1949 har yanzu tana fitowa kullum. Daily Trust ce ta tsaya mana tun 2001, sai Aminiya da Leadership da 'yan kaɗan. Masu kuɗinmu sun fi son gina gidan mai da rukunin shaguna. In ba ka da bakin magana, wani zai ba da labarinka yadda ya ga dama.

Tsohon Ɗan Jarida, Kaduna:
Malam, ka taɓo inda ke mini ciwo. Amma ka ƙarasa labarin. Daily Trust ɗin da ka ce ta tsaya mana, a zamanin wa sojoji suka mamaye ofisoshinta na Abuja da Maiduguri? Janairun 2019. A zamanin wa hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindigar Zamfara? Agustan 2022. Wa ya rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022 bayan an goge saƙonsa? Namu ne ke kan mulki. Na yi aiki a gidan da in ka rubuta abin da ya taɓa gwamna, da yamma za a kira ka a ce tallar gwamnati ta tsaya, ka san yadda za ka yi da albashin yaranka. Ba daga Legas ake kiran ba.

Kuma ni abin da na fi jin haushi a sana'armu, ba mu iya bambanta katoɓara da katoɓara ba. Jamus ta Yamma ba ta cuci kowa ba. "Bala blu" bai ƙara wa kowa kuɗin mota ba. Amma a Yulin 2015 a Washington Buhari ya ce yankin da ya ba shi kashi 97 na ƙuri'u ba za a daidaita shi da wanda ya ba shi kashi 5 ba. Mu muka tsaya muna dariyar lissafin ya kai 102, mutanen kudu maso gabas kuwa suka riƙe ta shekara takwas, masu neman ɓallewa suka samu abin nunawa. Atiku a Arewa House a Oktoban 2022 ya ce ɗan Arewa ba ya buƙatar ɗan takara Bayarabe ko Ibo. Jaridun kudu suka yi masa ca, da yawanmu muka ce ai gaskiya ya faɗa. Tinubu ranar 29 ga Mayu 2023 ya ce tallafin mai ya tafi, daga baya da bakinsa ya ce ba ya cikin rubutaccen jawabin. Cikin kwana biyu litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Wannan jimla ɗaya ta fi duk tuntuɓen da ya yi a kamfe nauyi, amma ba ta ba da dariya, don haka ba a yanka ta ana yawo da ita.

Ɗan Fagge:
Baba, na ji. Amma har yanzu ba a amsa mini abu ɗaya ba. Da Buhari ya yi daidai, an yaba masa kamar yadda aka zage shi? A Mayun 2016 David Cameron, firaministan Birtaniya na lokacin, ya ce Najeriya ta shahara a cin hanci, Buhari ya ce shi ba ya buƙatar a ba shi haƙuri, a dawo mana da kuɗinmu da aka ɓoye a can. Wannan amsa ce ta dattijo. Kwana nawa ta yi a jarida?

Tsohon Ɗan Jarida, Kaduna:
Ta yi, har a jaridun Ingila. Kai ne ba ka riƙe ta ba kamar yadda ka riƙe zagin.

Ɗan Fagge:
Ga shi na kawo ta ai, ta ya ban riƙe ba?

Jar Hula:
Ɗan Fagge, tsakaninka da Allah, ranar da Tinubu ya zame ka tura bidiyon a wannan zauren ko ba ka tura ba? Don ina da shi a wayata da sunanka a sama.

Ɗan Fagge:
Turowa aka yi mini na tura. Kuma ban sa masa kiɗa ba kamar yadda wasu suka yi.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, an fara komawa kan juna. Malam Na Zazzau ya turo sautin hirar da Buhari ya yi da Muryar Amurka a Washington bayan maganar matasan, inda ya yi bayani da Hausa. Zan saka ta bayan sallar isha'i. Wanda bai saurara har ƙarshe ba don Allah kada ya yi sharhi a kanta.

Maman Khalifa:
A saka mana da ta Hajiya Aisha ma, cikakkiya, ba guntun da ake yawo da shi ba.